Amfani da Fodkas wajen Koyarwa a Makarantun Firamare

Gabatarwa

A shekarar 2022 Bankin Duniya tare da wasu hukumomi na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da wani ƙiyasi game da ilmin yara. Ƙiyasin ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kimanin yara 70 cikin 100 masu shekara goma da haihuwa ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimci abin da yake ciki. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kuwa adadin ya kai 89 cikin 100. Saboda haka duk wata sabuwar dabara da za a kawo wa makarantar firamare, da wannan ma'auni ya kamata a fara auna ta, watau a tambaya ko za ta taimaki yaro ya iya karatu, ya fahimci abin da ya karanta, ya kuma iya bayyana abin da ke zuciyarsa.

Wannan lacca za ta ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan dabaru, wadda ake kira fodkas. Za a bayyana ma'anarta da asalinta, a waiwayi abin da aka koya daga rediyon makarantu, sa'an nan a nuna hanyoyi biyu da malami zai iya bi da ita cikin aji, da matsalolin da ke tattare da hakan. Abin da ake son a tabbatar shi ne cewa amfanin fodkas ga yaro ya rataya ne a kan aikin da aka sa shi ya yi da bakinsa da hannunsa kafin saurare da bayansa. Inda babu wannan aiki, to, an ƙara surutu ne kawai cikin aji.

Ma'anar Fodkas da Asalinsa

Fodkas shiri ne na murya, kamar shirin rediyo, wanda ake naɗa a ajiye a intanet kashi kashi, mai so ya sauko da shi cikin wayarsa ko kwamfuta ya saurara lokacin da ya ga dama. Kalmar ta fara fitowa ne a watan Fabrairu na 2004, cikin wani rubutu da ɗan jarida Ben Hammersley ya yi a jaridar Guardian ta Ingila. An ƙera ta daga sunan iPod, wata 'yar na'urar sauraren kiɗa da kamfanin Apple ya fitar a 2001, da kuma kalmar Ingilishi mai nufin watsa shirye-shirye. A watan Yuni na 2005 kamfanin ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye gurbi cikin manhajarsa ta iTunes, daga nan abin ya bazu cikin jama'a.

Bambancinsa da rediyo iri uku ne, kuma kowanne ya shafi malami. Na farko, rediyo yana da lokacinsa. In an ce darasi da ƙarfe goma ne, ajin da ya makara ya rasa ke nan. Fodkas kuwa yana jiran malami. Na biyu, ana iya tsayar da shi, a koma baya, a maimaita jimla guda sau biyar in yara ba su kama ba. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, yin shirin rediyo sai mai tasha da injuna da lasin, amma fodkas kowa mai wayar da ke naɗar murya yana iya yin nasa, har da yaran aji huɗu.

Nauyinsa ma kaɗan ne. Magana ta minti goma, in an naɗe ta daidai wa daida, ba ta wuce megabait biyar ba, alhali bidiyo mai wannan tsawo ya ninka haka sau da yawa. Ana iya sauko da shi sau ɗaya a inda akwai intanet, a zuba cikin katin waya, a kai shi ƙauyen da babu, a kuma tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ba tare da an biya ko kwabo ba.

Abin da Aka Koya daga Rediyon Makarantu

Koyar da yara ta hanyar murya daga nesa tsohon al'amari ne. Gidan rediyon BBC ya fara watsa darussa domin makarantun Ingila tun 1924. A Ostireliya an buɗe makarantar rediyo a garin Alice Springs a 1951 domin 'ya'yan makiyaya da ke zaune nesa da gari. Cikin waɗannan shekaru an gwada hanyoyi da dama, kuma gwajin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na ƙasar Nikaraguwa da ke Amurka ta Tsakiya.

A 1974 masana daga Jami'ar Stanford ta Amurka, tare da ma'aikatar ilmi ta Nikaraguwa, suka kafa wani shiri na koyar da lissafi ta rediyo a makarantun firamare na yankin Masaya. Ba lacca ake yi wa yaran ba. Malaman da ke cikin rediyo sukan yi tambaya, su yi shiru na ɗan lokaci, yara su amsa da ƙarfi baki ɗaya, ko su ƙirga da duwatsu da marafan kwalba, ko su rubuta, sa'an nan muryar ta faɗi amsar da ta dace. Haka ake yi ta yi har darasin ya ƙare, kimanin rabin sa'a. Bayan an kashe rediyo malamin aji ya ci gaba da aikin da aka tsara masa. Da aka jarraba yaran, sai aka tarar waɗanda suka bi darasin rediyo sun fi waɗanda ba su bi ba, har ma sun fi ajujuwan da aka ƙara wa littattafan lissafi. Daga baya aka ɗauki wannan tsari zuwa ƙasashe da yawa, ciki har da Kenya, inda aka koyar da Ingilishi da shi a farkon shekarun 1980.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda ya fito daga Jamhuriyar Nijar. A 1964 aka fara koyar da yaran firamare ta talabijin da taimakon Faransa. Masana daga ƙasashe da dama sun yaba da shirin, amma bai kai ga mamaye makarantun ƙasar ba. Gwaji da ya yi kyau a makarantu kaɗan da kuɗin baƙi daban, ɗaukar nauyinsa a dukan ƙasa shekara da shekaru kuma daban. Ke nan tarihi ya bar abu biyu ga mai son kawo fodkas aji: sai yaro ya yi ta amsawa sa'an nan yake koyo, kuma na'urar da makaranta ba ta iya riƙewa da kanta ba ta daɗewa.

Dalilin da Ya Sa Kunne Yake da Muhimmanci

Wani zai ce matsalar yaran nan ta karatu ce, to, me ya kawo saurare? Amsar tana cikin wani bayani da masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka gabatar a 1986. A ganinsu fahimtar karatu ta ginu ne a kan ƙafa biyu. Ɗaya ita ce iya haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma. Ɗayar kuwa ita ce fahimtar harshen kansa, watau sanin ma'anar kalmomi da iya bin zaren magana. Suka kwatanta abin da lissafin sau: in ɗaya daga cikin biyun sifili ne, sakamakon ma sifili ne. Shi ya sa ake samun yaro ya karanta shafi guda sumul, a tambaye shi abin da ya karanta ya yi zuru.

Ƙafa ta biyun nan ta kunne take fara girma. Yaro mai shekara bakwai yana iya bin labari mai tsawo da kalmomi masu wuya in an faɗa masa, alhali in an ba shi a rubuce ba zai kai ƙarshen layi na biyu ba. In aka jira sai ya iya karatu sosai kafin a gabatar masa da bayanin yadda girgije yake zama ruwa, ko yadda sauro yake kawo zazzaɓi, an yi asarar shekaru. Ta hanyar saurare yana tara kalmomi da sanin duniya tun yanzu, ranar da ya ci karo da su a littafi sai ya tarar da sanannu.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan. Tatsuniya da dare, da kacici-kacici, da biya karatu da baki a makarantar allo, duk horon kunne ne da harshe. Jama'a kuma sun daɗe da sabawa da rediyo. Sashen Hausa na BBC kaɗai tun 1957 yake magana. Yaron da ya tashi a gidan da ake kasa kunne ga labarun safe bai bukatar a koya masa cewa murya daga akwati tana iya ɗauke da ilmi.

Sai dai akwai wani kuskure da ya kamata a guje masa. An daɗe ana faɗa wa malamai cewa yara kashi kashi ne, wasu da kunne suke koyo, wasu da ido, wasu da hannu, don haka a ba kowa nasa. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka yi a kan wannan ra'ayi, ba su sami hujjar da ta isa ta tabbatar da shi ba. Saboda haka kada a ware wasu yara a ce su ne 'yan fodkas. Kowane yaro yana bukatar saurare, kamar yadda kowane yaro yake bukatar karatu da rubutu.

Hanya ta Farko: Yara a Matsayin Masu Saurare

A ƙasashen da abin ya kafu akwai shirye-shirye da aka yi musamman domin yara. A Amurka akwai But Why, wanda gidan rediyon jihar Vermont ya fara a 2016, inda yara suke aiko da tambayoyinsu da muryarsu, a nemo masana su amsa. Akwai kuma Wow in the World, wanda aka fara a 2017, mai bayanin kimiyya cikin raha. Da Ingilishin Amurka ake yin su, da sauri kuma, don haka yaro a Gusau ko Maraɗi ba zai amfana da su kai tsaye ba. Amma tsarinsu abin koyi ne, musamman na farkon, wanda ya sa tambayar yaro ta zama tushen shiri.

Ko da wane harshe aka yi shirin, aikin malami mataki uku ne. Kafin a kunna, ya rubuta a allo kalmomi uku ko huɗu da yara za su ji, ya bayyana su, sa'an nan ya ba su tambaya guda da za su nemi amsarta, alal misali, me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Lokacin saurare, ya riƙa tsayar da shirin bayan minti biyu ko uku, ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa abin da ya ji, ko ya yi hasashen abin da zai biyo baya. Wannan shi ne shirun da aka bari cikin darussan Nikaraguwa, sai dai yanzu malami ne yake riƙe da linzaminsa. Bayan an gama, sai a koma ga fensir: 'yan aji ɗaya da biyu su zana abin da suka ji su sa masa suna, 'yan aji uku zuwa shida su rubuta jimla uku zuwa biyar.

Shirin ya zama gajere. Ga ƙananan ajujuwa minti biyar ya isa, ga manya kada ya wuce goma. Malamin da ya kunna shirin rabin sa'a ya fita hira a gindin bishiya bai koyar da kowa kome ba.

Hanya ta Biyu: Yara a Matsayin Masu Shiri

Nan ne fodkas ya yi wa rediyo fintinkau. Tun a 2005, shekara guda bayan fitowar kalmar, makarantar firamare ta Willowdale da ke birnin Omaha a jihar Nebraska ta Amurka ta fara wani shiri mai suna Radio WillowWeb, inda yaran ajujuwa daban daban suke naɗar bayanin abin da suka koya su ajiye a intanet. A wannan shekara kuma wani aji a garin Wells na jihar Maine ya yi suna da shirinsa mai suna Room 208. Daga baya gidan rediyon NPR ya kafa gasar fodkas ta 'yan makaranta, wadda aka yi zagayenta na farko a 2019.

Don a ga abin da yaro yake samu, a ɗauki misalin aji huɗu mai yara sittin, a ce darasin makon a kan sana'ar rini ne. Ranar Litinin malami ya raba su ƙungiya goma, shida shida, kowace ƙungiya ta rubuta tambayoyi uku da za a yi wa marini. Aji ya zaɓi guda shida mafi kyau. Ranar Talata a gayyato marinin, ko wakilan aji su je karofi tare da malami, su yi hirar, a naɗa a waya. Ranar Laraba a saurari hirar, kowace ƙungiya ta rubuta jimla huɗu a kan ɓangare ɗaya: inda ake samo baba, yadda ake haɗa shi da toka, kwana nawa ake jira kafin ruwan ya nuna, yadda ake bugu. Ranar Alhamis a yi ta gwajin karanta rubutun. Ranar Juma'a a naɗa, aji ya saurara.

In aka duba da kyau, naɗar murya ita ce mafi ƙanƙantar aiki a makon. Yaran sun tsara tambaya, sun kasa kunne ga babba, sun rubuta, sun gyara, sun karanta. Gwajin ranar Alhamis yana da tushe cikin bincike: a 1979 S. Jay Samuels ya bayyana yadda maimaita karanta ɗan gajeren rubutu sau da yawa yake ƙara wa yaro sauri da daidaito. Wahalar ita ce yara suna gajiya da maimaici. To, amma yaron da ya san za a naɗi muryarsa, kuma uwarsa za ta ji, shi da kansa zai nemi a bar shi ya sake. Ya kuma ji inda ya yi tuntuɓe da kunnensa, ba sai an tsawata masa ba. Yarinyar da kunya take hana ta ɗaga hannu gaban mutum sittin tana iya magana gaban waya da ƙawayenta biyar. In malami ya ajiye naɗin farkon zango da na ƙarshensa, ya sami shaidar ci gaban kowane yaro wadda ta fi maki cikin rajista bayani.

Kayan aikin ba su da yawa: waya guda, da 'yar lasifika mai caji wadda muryarta za ta kai bencin baya. A riƙe wayar kamar taki guda daga bakin mai magana, a zaɓi lokacin da babu hayaniya, a nisanci injin niƙa da bakin hanya. Mai kwamfuta yana iya tace shirin da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, amma shirin da aka naɗa tiryan-tiryan ba tare da tacewa ba shi ma ya wadatar.

Matsaloli da Abin Lura

Matsala ta farko ita ce amanar yara. Muryar yaro da sunansa ba abin watsawa ba ne yadda aka ga dama. A Nijeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman iznin iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro. Ya kamata hedimasta ya kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai tun kafin a fara, kada kuma a ambaci cikakken sunan yaro ko unguwarsu cikin shiri. Ba dole ne ma a sa shirin a intanet ba. Ana iya tsayawa ga aji da iyaye.

Ta biyu, yaran da ba su ji sosai. Ko wane aji mai yawa ba ya rasa irinsu, sau da yawa ba a ma san da su ba. A zaunar da su kusa da lasifika, a kuma tanadi rubutun shirin domin su bi da ido.

Ta uku, harshe. Shiri cikin harshen da yaro bai ji ba ƙara ce kawai. Shirye-shiryen yara na Hausa, ko Fulfulde, ko Barbarci, waɗanda suka dace da manhajar firamare, aiki ne da ke jiran kwalejojin horon malamai da sassan harsuna na jami'o'i da gidajen rediyon jihohi. Abin da ya faru a 2020 ya nuna ana iyawa: da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, jihohi da dama suka koma watsa darussa ta rediyo. Duk inda aka adana waɗannan darussa, ana iya tsinto masu kyau, a yanka su gajeru, a raba wa malamai.

Ta huɗu, lokaci da ɗawainiya. Malami mai yara sittin da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, bai kamata a ɗora masa sayen data da cajin waya daga aljihunsa ba. Shiri ɗaya a wata, wanda aka yi da natsuwa, ya fi na kowane mako da za a watsar kafin hutu.

Kammalawa

An ga cewa fodkas ɗan rediyo ne da ya gaji halin ubansa, ya kuma ƙara da nasa: yana jiran malami, ana maimaita shi, yara ma suna iya yinsa. An ga kuma cewa bai koya wa yaro haɗa baƙi da wasali. Wannan aikin malami ne da allo da littafi, babu kuma na'urar da za ta sauke masa shi. Abin da yake iya yi shi ne ya cika wa yaro kunne da kalmomi, ya ba shi dalilin rubutu, ya sa shi maimaita karatu da son ransa.

Ga ɗalibai masu shirin shiga aikin koyarwa, gwajin bai fi ƙarfinsu ba: aji guda, waya guda, mako guda. Ga ma'aikatan hukuma kuwa, waɗanda takardun neman sayen kayan zamani suke biyowa ta teburinsu, akwai tambayoyi uku da suka cancanci amsa kafin a sa hannu. Da wane harshe yaran za su saurara? Wa zai horar da malamin, kuma wa zai gyara na'urar in ta lalace bayan masu ba da taimako sun tafi? Me yaron zai faɗa, me kuma zai rubuta, bayan an kashe lasifika? Jami'in duba makarantu da ya je ganin irin wannan aiki, kada ya tsaya ga ƙirga wayoyi. Ya nemi littattafan rubutun yaran ya buɗe, sa'an nan ya kira yaro ɗaya daga bencin baya ya ce ya karanta masa abin da ƙungiyarsu ta rubuta.